Farin garin da ke fitowa a jikin alminiyom na injin jirgi: kankarewa da fenti ba su isa ba

Malam, na ga tambayarka. Ka ce ka leƙa injin dizal na jirginka mai tafiya da iska, ka tarar da farin gari kamar alli ya taru a bakin tukunyar sanyaya ruwa, notuna biyu kuma sun ƙi kwancewa, kana so ka san ko ka kankare ka shafa fenti kawai. A gaskiya hakan ba zai wadatar ba. Ni ma abin da na fara yi ke nan, kuma na ji a jikina.

Garin nan shi ne tsatsar alminiyom, ba ja take fitowa ba irin ta baƙin ƙarfe. Alminiyom da zarar ya sha iska yakan yi wa kansa wata siririyar riga da ke kare shi, gishiri ne ke huda ta, kuma kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Duk da haka gishiri shi kaɗai a hankali yake ci. Ɓarnar gaske tana farawa ne idan ƙarfe iri biyu suka taɓa juna, ruwan gishiri ya jiƙa su tare. To ka haɗa batir ke nan ba ka sani ba, kuma a cikin biyun dole ɗaya ya narke. Idan alminiyom ya haɗu da tagulla ko sitenles (farin ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa), shi ne kullum ke kwana a ciki.

Yanzu dubi tukunyar taka. Ita ce lagireton injin jirgi. A injuna da yawa jikinta alminiyom ne, a ciki akwai damin ƙananan bututu na gamin tagulla inda ruwan teku ke bi, sai murfi a kowane gefe, da zoben roba da ke raba ruwan teku da jikin tukunyar. Wannan ɗan zoben shi ne mai gadin komai. Nawa ya taurare ya soma ɗiga, ɗigon da ko ƙasa ba ya kaiwa, zafin inji ke busar da shi ya bar gishiri. Na goge, na fesa fenti, na ce an gama. Bayan shekara guda da na cire murfin, sai na ga gefen da zoben ke zama ya zama kamar wanda gara ta ci, farcena na shiga ramukan. Fentin nan da na shafa ruwa ya riƙe a ƙarƙashinsa, ya kuma ɓoye mini abin da ke gudana.

Saboda haka fara da neman inda ruwan ke fitowa. Wanke wurin da ruwan daɗi, ka busar, ka tada inji ya yi zafi, sannan ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da farar takarda mai tsotse ruwa. Ka ɗaga kai ka duba sama kuma, domin sau da yawa mai laifin famfon ruwan teku ne da sil ɗinsa ya gaji, ko bakin tiyo da bai ɗauru ba, yana ɗiga kan abin da ke ƙasa.

Notunan kuwa, don Allah kar ka sa musu ƙarfi. Tsatsar ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, ita ce ta cushe haƙoran ta shaƙe su. Man kwance noti, ɗan zafi a jikin alminiyom ɗin, bugu kaɗan-kaɗan, a bari ya kwana, a sake. Na taɓa yin kwana uku a kan noti ɗaya, kuma ya fi mini sauƙi a kan haƙo karyayye. In za ka mayar, shafa musu man hana ƙarfe biyu cin juna, irin Tef-Gel ko Duralac. Giris mai garin tagulla ko garafayit kuwa ka nisanta shi da alminiyom, ƙara wa wuta fetur ne.

Wajen gogewa, buroshin nailan ko na sitenles za ka sa. Na baƙin ƙarfe da na tagulla suna barin ɓurɓushi a jiki, kowane ƙwaya sabon rami ne. Kar ka kusanto da sodar wanke bututu, narkar da alminiyom take yi. Sai ƙarfe ya fito fes ka sa fentin farko wanda aka yi don alminiyom, sannan na sama.

Sai maganar tutiya, wato zinki. Ɗan guntun ƙarfe ne da ake ɗaurawa don ya narke a madadin sauran, dabarar da masanin kimiyya Humphry Davy ya gwada a jiragen sojan ruwan Ingila tun 1824. Ba kowane inji ke da shi a cikin tukunya ba, duba littafin injinka. In akwai, canza shi da ya ci rabi, kar ka shafa masa fenti. Wanda ka ciro bayan shekara yana nan kamar sabo, ba abin murna ba ne, bai taɓa ƙarfen da kyau ba, bai yi aikin komai ba. Ruwan sanyaya inji ma maganin hana tsatsa da ke cikinsa ƙarewa yake yi ko da launinsa bai sauya ba. Ni duk shekara biyu nake zubar da nawa.

Ba ka faɗi ko farfelarka a ƙafar alminiyom take ba, irin wadda ke leƙowa ta ƙasan jirgi. In haka ne, fentin hana ciyawar ruwa mai tagulla kar ya taɓa ta. Idan kuma ka ga cin yana gudu cikin makonni, to ba gishiri kaɗai ba ne, wutar batir ce ke zurarewa ta wata waya, ko kuma wayar ƙasa ta wutar tashar jirage ta haɗa ka da jiragen maƙwabta, tutiyarka na kare ƙarfensu. Wannan aikin mai lantarkin jirgi ne, da mita.

Ko tukunyar za ta gyaru? Cire murfin ka dubi mazaunin zoben. In ramukan a waje suke, ba su da zurfi, gogewa da fenti sun isa bayan ka tsayar da ɗigon. In sun shiga mazaunin, ƙanana ana cike su da ifoksi (gam ɗin da ke daskarewa ya yi tauri) mai garin alminiyom a goge ya daidaita, manya sai walda a sake fere wurin, sannan a gwada ta da matsin iska kafin a mayar. Tawa na cike ta da ifoksi ta kai ni shekara biyu, daga baya na sayi sabuwa, domin ranar da ruwan teku ya tsallaka wannan zoben, cikin injin kansa zai shiga. Ɗauko hoton mazaunin da kyau bayan ka wanke, ka sa mana a nan mu gani.