Karena ya fara kai cizo kwatsam, me likita zai duba?

'Yar'uwa, kin ce karenki mai shekara 9, wanda bai taɓa yi wa kowa gurnani ba, yanzu yana kai cizo idan an taɓa bayansa.

Likitan dabbobi ciwo zai fara nema, ba mugun hali ba. Tsohon kare in ya sauya hali farat ɗaya, galibi akwai abin da ke damun jikinsa: amosanin gaɓɓai, ruɓewar haƙori, ciwon kunne, ko gani da ji sun ragu har taɓawa kaɗan ke firgita shi. Zai lalubi ƙashin baya da ƙugu, ya leƙa baki da kunne, wataƙila ya ɗebi jini ko ya ɗauki hoto.

Sai tambayoyi, kuma nan ne naki aikin: yaushe ya fara, wa yake kai wa, me ke faruwa daidai kafin cizon. Bidiyon gida yana taimakawa ƙwarai, domin a asibiti tsoro yakan sa kare ya ɓoye ciwonsa. Amma kada ki tsokane shi don neman bidiyo.

Duka kam ki bari, tsoro yake ƙara masa. Ki nisanta yara da shi, ki tafi da katin rigakafinsa, musamman na haukan kare.