Amsa: Bushewar iska a ɗaki lokacin hunturu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaranki na tashi da haɓo da bushewar maƙogwaro, kuma ba ki da na'urar sa danshi. Allah ya ba su lafiya. Haka hunturun Zariya yake daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar hamada ce ke shanye danshin ɗaki.

Abin da ya fi yi mini aiki shi ne shanya jiƙaƙƙen zani ko tawul a igiya cikin ɗakin kwana da daddare. Ya fi bokitin ruwa nesa ba kusa ba, domin faɗinsa ne ke sa ruwan saurin bin iska. In za ki ajiye ruwa, ki zuba a faffaɗan baho, inda ƙananan yara ba za su kai ba. Randar ƙasa ma tana taimakawa, tunda tana tsatsafo. Ki goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, ki rufe taga saboda ƙura.

Don Allah kada ki shigar da gawayi ɗaki a rufe da sunan dafa ruwa, iskarsa na kisa ba tare da an ji wari ba. In haɓon ya ƙi tsayawa, a kai su asibiti.