Fitilu na fita, kuɗi ba sa taruwa: in kama shago?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kano. Ina sayen tsofaffin batiran laftof, in ciro ƙwayoyin cikinsu, in haɗa fitilun caji da ƙananan fawa-banki. Masu shayi da masu kanti a unguwarmu suna saye. Wata shida ke nan kaya na fita, amma kuɗi ba sa taruwa. Yayana ya ce zai ranta mini in kama shago. In karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa hannunka albarka. Amma kada ka karɓi kuɗin shago tukuna, domin har yanzu ba ka san nawa fitila ɗaya take cin ka ba.

Ɗauki batirin laftof guda. Yawanci ƙwaya shida ce a ciki, irin wadda ake kira 18650. Kai shida kake lissafawa, alhali wasu sun mutu, wasu sun gaji. Kuɗin matattun a kan rayayyun yake hawa. Sai dalma, da waya, da kuɗin mota zuwa kasuwar Farm Centre ko ta Sabon Gari, da fitilar da aka dawo maka da ita ka gyara kyauta don kunyar maƙwabtaka. Sannan ga wunin da ka yi a sunkuye. Na tabbata ba ka sa wa wannan kuɗi, saboda aikin daɗi yake maka. Sa masa. Ranar da ka ɗauki yaro, ai biyansa za ka yi.

Wata kafar da jari ke zurarewa ita ce canji. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Allunan caji da ƙwan fitilar da kake sawa daga Chaina suke zuwa. Don haka ka yanka farashi da kuɗin da za ka sake sayen kayan yau, ba da wanda ka saya wata biyu baya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin. Kowace a cike bolt 4.2 take nunawa, kuma wadda ka tarar ta faɗi ƙasa da 2.5 ka ajiye ta gefe, kada ka tausaya mata. Sauran ka cika su, ka bar su mako guda, ka sake aunawa. Wadda ta zube da kanta ba ta sayarwa ba ce. Kada ka saki kaya ba tare da allon kariya na BMS ba. Ƙwayoyin nan na lithiyom ne, shi kuwa yana kamawa da wuta, ga zafin Kano a watan Afrilu yana wuce digiri 40. Fitila ɗaya ta ƙone a kantin mutum, sunanka ya tafi, wataƙila har da dukiyarsa.

Kuma ba za ka ka da kayan Chaina a araha ba. Inda ka fi su shi ne kana kusa. Gidaje cike suke da fankokin caji da batirinsu ya mutu, injin kuwa lafiya lau. Sauya musu batiri, tare da allon cajin da ya dace, ka karɓi kafin alƙalami ka sayi kayan aikin da shi. Kuɗinka ba zai kwanta ba.

Ga yayanka, roƙe shi kaɗan: na'urar auna ƙarfin ƙwaya, da ƙaramin injin walda na ɗigo, tunda zafin dalma yana lalata ƙwaya. Ku rubuta adadin da ranar biya, ko da ciki ɗaya kuka fito. Sayi littafi, ka rubuta shige da fice har wata uku, sannan ka aiko mini da lissafin mu duba maganar shago da rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.