Hukuncin cin bashin banki mai ruwa don sayen gidan haya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, saura shekara shida in yi ritaya. Na tara naira miliyan 14, sai dillali ya nuna mini wani gida mai ciki da falo huɗu a kan miliyan 25. Banki zai cika mini sauran in riƙa biya da ruwa, kuɗin hayar kuma zai taimaka wajen biya. Wani abokina ya ce malamai sun halatta saboda lalura. Haka ne? Idan na mallake shi, yaya zakkarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya tun kafin ka sa hannu.

Bashin da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ne, wannan babu saɓani. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 275, ya halatta ciniki ya haramta riba, a aya ta 279 kuma ya shelanta yaƙi ga wanda ya ƙi bari. Kada ka ce ai kai biya za ka yi, ba ci ba. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai cin riba da mai ba da ita da marubucinta da shaidunta biyu, ya ce duk ɗaya suke.

Maganar abokinka tana da asali, sai dai ya ajiye ta inda ba muhallinta ba. A 1999 Majalisar Fatawa ta Turai ta yi rangwame ga Musulmin da ke zaune a can, wanda ba shi da gidan da zai sa iyalinsa, kuma bai sami hanyar halal ba. Ko a hakan malamai da yawa sun yi musu raddi. To kai kana da inda kake kwana, ƙarin samu kake nema. Na fahimci fargabar ritaya, mun ga dattawan da jiran fansho ya wahalar, amma fargabar gobe ba ita ce lalurar da ke halatta haram ba.

Kuma hanyar halal tana nan. Akwai bankunan Musulunci da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa: Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJ da Lotus suka biyo baya. Ko dai bankin ya sayi gidan ya sayar maka da ribar ciniki da kuka yanke tun farko, wato murabaha, ko ku yi tarayya, miliyan 14 ɗinka da 11 ɗinsu, ka riƙa sayen kasonsu a hankali, kuɗin haya kuma kowa ya ɗauki gwargwadon kasonsa.

A nan nake so ka buɗe ido, domin suna kaɗai ba ya halatta ciniki. Ka karɓi takardun ka zauna ka karanta. Shin bankin ya mallaki gidan kafin ya sayar maka? Annabi (SAW) ya hana Hakim ɗan Hizam sayar da abin da ba ya hannunsa. Ka tambaye su kai tsaye: idan iskar farkon damina ta yaye kwanon rufin bayan sun saya, kafin su damƙa maka, asarar wa ce? Idan suka ce taka ce, to bashi ne aka sauya wa riga. Ka duba kuma kada farashin murabaha ya ƙaru don ka yi jinkirin biya. Idan sharuɗɗan ba su kwanta maka ba, ka nemi ɗan'uwa amintacce ku haɗa jari a rubuce, ko ka sayi ƙaramin gida daidai kuɗinka.

In ka zuba 'yan haya, karɓar kuɗin shekara gaba ɗaya ya halatta. Babban gyara, kamar rufi mai yoyo ko masai da ya rufta, a wuyanka yake. Kada kuma ka ba wanda ka san giya zai sayar ko gidan caca zai buɗe.

Zakka kuwa, gidan da aka saya don haya babu zakka a kan ginin. Tana kan kuɗin hayar da ya taru, idan shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka ya kai nisabi, shekara kuma ta zagayo, sai ka fitar da kashi 2.5 cikin 100. Wannan shi ne matsayar Majalisar Fiƙihu ta Jidda a 1985. Wanda ya saya da niyyar sayarwa, nasa hukuncin kayan kasuwanci ne.

Wallahu a'alam.