Amsa ga malamin makaranta mai waƙar biki

Malam, ka tambayi yadda za ka riƙe koyarwa da waƙar biki ba tare da ɗaya ta kashe ɗaya ba. Daren Lahadi ne ke kayar da yawancin mutane. Dinar da aka sa ƙarfe takwas ba ta kankama sai goma, kafin a naɗe wayoyi a sallami yara ɗayan dare ta gota, ga aji na jiranka da safe. Ka tsaya ga yammacin Juma'a da Asabar. Lahadi kuwa sai kamu ko yinin da za a tashi kafin magariba.

Kada ka sa wa kowa rana sai ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Daga nan za ka biya mai fiyano, 'yan amshi, hayar kayan sauti da man janareta. Liƙi ba a lissafi da shi, wata rana ya cika jaka, wata rana ko kuɗin mota ba ya kaiwa, amma a yanke yadda za a raba shi tun kafin a hau fili. Nan ne rigima ke tashi.

Waƙar ango da amarya, ka karɓi sunaye a rubuce da wuri, ka karanta wa mai biki su a waya kafin ka shiga situdiyo. Sunan uwar amarya ɗaya aka kuskure, sai an sake ɗauka, kai kuma ba ka da rana ta biyu.

Murya fa ita ce jarinka a aikin biyu. Ƙurar alli da ta hunturu da ɗaga murya a aji suna cinye ta. Ranar Juma'ar da kake da wasa ka rage magana, ka riƙa kurɓar ruwan ɗumi.

Aiki yana yawa a Sha'aban, bayan Sallah da Disamba, ya yi sanyi da azumi, don haka kada ka ajiye albashi saboda wata guda ya yi kyau.

In makarantar gwamnati ce, ka sani jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikaci gudanar da wata sana'a ban da noma, sai ka nemi bayanin matsayinka a rubuce, ka kuma nisanci waƙar siyasa. A Kano, ka yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai.