Magajin Gari Ko Ciyaman? Amsoshin Tambayoyinku Kan Labarin Hamtramik

Tambayoyin wannan makon sun taso ne daga labarin Hamtramik, ɗan birnin nan na jihar Mishigan ta Amurka da birnin Ditroit ya kusa zagaye shi. Mutanensa 28,433 ne a ƙidayar 2020. Da can garin 'yan asalin Folan ne, yau 'yan Yaman da Bangaladash suka fi yawa, kuma a Janairun 2022 aka rantsar da shugaban birni da kansiloli shida, duk Musulmi.

Tambaya: Amer Ghalib, wanda ya ci zaɓen 2021, magajin gari za mu kira shi ko ciyaman?

Magajin gari. Magaji daga gado ya fito, kuma Magajin Gari tsohuwar sarauta ce, ga ta nan a Sakkwato da Zazzau. 'Yan'uwanmu na Nijar sun daɗe da aro ta ga zaɓaɓɓen shugaban birni, ta zauna daram. Masu cewa ciyaman kuwa suna ɓatar da mai sauraro. Bahaushen Najeriya in ya ji ciyaman, mutumin da ma'aikata da kwangila da asusu ke hannunsa yake hangowa. A Hamtramik ba haka abin yake ba. Majalisa ce ke ɗaukar manajan birni aiki, ba a zaɓensa da ƙuri'ar jama'a. Shi ke tsara kasafin kuɗi ya kawo wa majalisa, shi ke sa ido kan sassa irin su 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, kuma ranar da rinjayen majalisa ya juya masa baya, aikinsa ya ƙare. Magajin gari yana jagorantar zama, shi ne fuskar garin, amma wuƙa da nama ba a hannunsa kaɗai suke ba. Aibin tsarin a nan yake: idan kansiloli suka riƙa sauya manaja, sai shara ta taru a titi kowa yana nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Tambaya: Jam'in kansila fa?

Kansiloli. "Kansilas" ba Hausa ba ce.

Tambaya: Na ji an ce Hamtramik tana "ƙaramar hukumar Wayne". Daidai ne?

Ku ce gundumar Wayne. Ita ma ba ta yi cif-cif ba, domin gundumarmu ƙasar hakimi ce, amma ta fi. Birnin da gundumar duk ƙananan hukumomi ne, kowace da zaɓaɓɓunta da harajinta, kuma Ditroit kanta cikin gundumar take.

Tambaya: Me za a kira jami'in da jiha ke naɗawa idan birni ya tsiyace?

Kantoma, kuma ina mamakin masu wahalar da harshensu da "manajan gaggawa", kamar mai sayar da tikitin mota. Kalmar ta shigo tun zamanin Turawa, daga sunan majistaren da ke kula da bariki, ta koma nufin wanda aka ɗora bisa ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba. Sau biyu Mishigan ta yi wa Hamtramik haka, a 2000 da 2013, saboda giɓin kuɗi. Tushen ciwon tsoho ne: masana'antar motoci ta Dodge da ta raya garin ta rufe a 1980, haraji ya ragu, fanshon ma'aikata kuwa bai ragu ba.

Tambaya: Da Ghalib ya goyi bayan Trump a Satumban 2024, sauya sheƙa ya yi?

Sheƙa gidan tsuntsu ce, wanda ya sauya ta ya kwashe ƙwansa da kwarkwatarsa ya koma wata jam'iyya. Zaɓen birnin ba a yin sa da tutar jam'iyya, sunaye kawai ke kan takarda, don haka kujerar ba ta Dimokurat ba ce balle a ce ya gudu da ita. Mara baya ya yi. Kar ku ce mubaya'a, wannan ta sarakuna da shehunai ce. Garin kansa ne ya karkata: Biden ya samu fiye da kashi 80 cikin 100 a 2020, a 2024 kuwa Harris ba ta kai rabi ba, Trump na bin ta a duga-dugai. Yaƙin Gaza da saɓani kan al'amuran tarbiyya suka jawo hakan.

Tambaya: "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" ya dace da izinin kiran sallah da lasifika?

Bai dace ba. A 2004 aka ba da izinin, daga 6 na safe zuwa 10 na dare, kuma masu zaɓe suka tabbatar da shi a ƙuri'ar raba gardama. Lokacin Musulmi ba su da rinjaye a majalisa, sai a zaɓen 2015 suka same shi. Ku ajiye karin maganar sai kun zo kan dokar Janairun 2023 da ta halatta yankan layya a gida.