Aiki ba ya yankewa a shagon ƙanena, amma kuɗi ba sa dawowa

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi a Kano ya aiko da wannan tambaya. Ƙanensa ya yi shekara 3 a kwalejin fasaha yana koyon aikin katako da na ƙarfe, ya fito da takardar shaidar jarrabawar sana'a ta NABTEB, ya ƙara shekara guda a hannun wani ubangida. Sai ɗan kasuwar ya buɗe masa shago da jarin naira miliyan 4, suna haɗa kayan ɗakin amare da ƙofofi da get. Wata 14 ke nan aiki bai yanke ba, amma ko kwabo bai dawo ba, har sau biyu yana ƙara kuɗi. Yaron ya ce rashin injin zamani ne, a ci bashi a sayo injin sassaƙa mai aiki da kwamfuta, cikin shekara ɗaya a ninka jari. Shi kuwa yana so ya sani: ya ci bashin, ko kuwa yaron ne ke cin amanarsa?

Alhaji, kada ka ci bashin nan, kuma kada ka yi saurin zargin ɗan'uwanka. A duk tsawon wasiƙarka ba ka ambaci nawa aka kashe a kan aiki ko da guda ɗaya ba. Ka faɗi jari, ka faɗi watanni, ka yabi hannun yaron, amma da za a tambaye ka nawa wadirob ɗin da ya fita makon jiya ya ci, kuma nawa ya bari, ba ka da amsa. Ina kyautata zaton shi ma ba shi da ita. Kai da ka san ribar kowane katan na taliya a shagonka, ka zuba miliyan 4 a inda ake yanke farashi da baki, a tsaye, mai saye yana cewa a rage saboda Allah. Kuskurenka ke nan.

Ga yadda kuɗin ke zurarewa. A ce an karɓi aikin saitin ɗaki a kan ₦600,000. Allunan katako da madubi da manyan kaya sun ci ₦380,000. A tunanin ƙanenka ribarsa ₦220,000 ce, da ita yake kwana. To a zauna a rubuta sauran. Gam, ƙusa, sukuru, hinji, hannun ƙofa, layin durowa, sanfefa, tef ɗin rufe bakin allo da sinadarin feshi, a ce ₦45,000. Man janareta ₦25,000. Dako daga kasuwa zuwa shago, da kai kaya gidan amarya a ɗaura, ₦20,000. Ladan yara da mai feshi ₦70,000. Kason haya da gyaran inji ₦20,000. Jimilla ₦560,000. Saura ₦40,000, kuma shi kansa bai ɗauki ladan kwanakin da ya yi ba. Ƙofa ɗaya ta karkace a kira shi gyara, shi ke nan an yi aikin sadaka. Waɗannan lambobi misali ne, farashi yana motsi kullum, amma tsarin asarar haka yake a yawancin ƙananan shagunan kafintoci.

Babbar ɓarna ma tun a wurin awo take faruwa, kafin zarto ya taɓa katako. Allon MDF ko filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Idan zurfin wadirob santimita 60 ne, kowane allo zai ba da tsiri biyu. Wadirob mai ƙofa uku yana son gefe biyu, rabe-rabe biyu a tsakiya, sama da ƙasa: tsiri 6, allo 3. Yanzu uwar amarya ta ce a ƙara zurfin kaɗan ya zama 65 don akwatuna su shiga. Kafinta ya ce ba komai, Hajiya. Daga wannan "ba komai" kowane allo tsiri ɗaya zai bayar, allo 3 ya koma 6, ragowar sai dai a yi durowa da ita ko a jingine a bango tana shan ƙura. Farashi kuwa an riga an yanke.

Haka abin yake a ɓangaren walda. Bututun ƙarfe yakan zo da tsawon kusan mita 6, wasu ma ba sa cika, sai an sa tef an auna. Get mai sanduna 30 a tsaye, idan kowace sanda mita 2.1 ce, bututu ɗaya biyu zai bayar ya bar guntu, sai an sayi 15. Da an zana shi a kan mita 1.95, bututu 10 sun isa. Sannan ga kauri. Wanda ya yanke farashi bai lissafa ba, idan ya je kasuwar Kofar Ruwa sayen ƙarfe ya ga kuɗi ba za su kai ba, sai ya sauka daga mai milimita 1.5 zuwa mai 0.8. Siririn bututu kuwa wayar walda mai geji 10 huda shi take yi, a ɓata lokaci da waya ana cike ramuka, a tsallake jan fentin da ke hana tsatsa don a rage kashewa, damina ɗaya get ya fara zubar da ɓawo. Mai gida ba zai dawo ba, maƙwabtansa ma ba za su zo ba.

Katakon gaske shi ma yana da nasa tarkon. Abin da ake saukewa daga kudu a 'Yan Katako na Na'ibawa ko Rijiyar Lemo sau da yawa da ɗanyensa yake zuwa. Katakon kayan ɗaki ana son danshinsa ya sauka zuwa wajen kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Wanda aka saya yau aka haɗa gobe, da hunturu ya buso sai ya tsuke, mahaɗa ta buɗe, gado ya fara ƙara. Maganinsa a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa, a kuma sayi 'yar na'urar auna danshi, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma shagon da kuɗinsa ba sa kwana ba ya iya ajiye katako ya bushe.

To me ya sa shagon bai rufe ba tun tuni? Kafin alƙalami ne ke riƙe da shi. Kuɗin da wannan ya bayar yau, da su ake ƙarasa aikin wancan na watan jiya. Muddin sababbin masu aiki suna shigowa, ba wanda zai gane. An sha ganin ƙarshen wannan a garin nan. Kafinta mai hannu, wanda ake layi a ƙofarsa, ya karɓi aikin amare biyar ko shida gab da azumi, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa. Kuɗin ta shida sun tafi kan kayan ta uku. Farashin allo ya tashi a tsakani, kamar yadda aka yi ta gani tun 2023 da aka cire tallafin mai darajar naira kuma ta faɗi. Ranar jere ta zo babu gado, uban amarya ya zo da 'yan sanda, injinan shago suka tafi a biyan bashi. Mutumin bai saci ko sisi ba. Sau biyun nan da ka ƙara kuɗi, irin wannan ramin ka cike ba ka sani ba.

Maganar inji kuwa, raina ba ya son jin "cikin shekara ɗaya a ninka jari". Injin yana son wuta tsayayya, da wanda ya iya zane a kwamfuta, da bakin yanka da kayan gyara da ake sayowa da dala, da aikin da zai ci kullum. Idan farashinku asara ne, inji zai sa ku yi asarar da sauri ne kawai, ga bashi a wuya. Akwai masu irin wannan inji da ke yanka wa mutane a biya su a kan kowane allo. Ku kai can. Ranar da kuɗin da kuke biyansu a wata ya kusa kai abin da za ku riƙa biyan banki, sai a dawo da zancen.

Abin da za ka yi daga gobe: kowane aiki ya samu takardarsa kafin a faɗi farashi. Zane da awo a sama, mai aiki ya sa hannu. A ƙasa jerin yanka, kowane gunduwa da tsawonsa da faɗinsa da adadinsa, daga nan a fitar da yawan allo ko bututu. A kira kasuwa a ji farashin ranar. A ƙara kashi 10 zuwa 15 na ɓarna, a sa ƙananan kaya, mai, dako, lada, da kason haya. Ƙanenka ya yanka wa kansa albashi a rubuce, ya daina zura hannu a aljihun shago. Sannan a ɗora riba, ni ba zan sauka ƙasa da kashi 20 ba. Farashi ya yi aiki na kwana 7 kawai. Kafin alƙalami ya kai kuɗin kaya gaba ɗaya, a sayo kayan a ranar ko washegari, a rubuta sunan mai su a jiki. Duk canjin awo bayan sa hannu, sabon lissafi ne. Kuɗi su shiga asusun banki na shago, ba na wayarsa ba.

Zai ce maka masu saye za su gudu wurin maƙwabci mai araha. Wasu za su gudu, su tafi. Wanda zai biya ka ƙasa da abin da ka kashe, tafiyarsa ta fi zamansa.

Idan kana son ƙara kashe kuɗi a kan iliminsa, ba wani sabon salon sassaƙa yake buƙata ba. An koya musu zanen awo da ƙiyasin kaya a makaranta, sai dai ɗalibai sun fi son riƙe zarto da riƙe biro, ubangida kuma ba ya nuna wa yaro yadda yake yanke farashi. Ka nema masa wani tsohon hannu da ke yin kwangilar kujerun makarantu ko kayan ofis, ya riƙa zama da shi a ranakun da ake fitar da ƙiyasi, ko da za ka biya.

Kai kuma kowace Juma'a da yamma ka je shagon, ka ɗauki takardun ayyukan da suka fita ka gwada su da rasit da abin da ya shiga banki. Kafin nan ku ƙirga duk wanda ya ba da kafin alƙalami ba a gama masa aiki ba, domin wannan bashi ne a kanku, a fara sauke shi. Bayan wata 3 za ka ga wane aiki ke kawo kuɗi, wane ke cinye su. Mai yiwuwa ƙofofi da get ne ke ciyar da kayan amare, ko akasin haka, sai a rage ɗaya. Idan takardu sun nuna riba amma banki bai nuna ba, a lokacin ne za ka kira ƙanenka ɗaki ku yi maganar amana, da shaida a hannunka.